Ƙunshin gwajin asid fosfatas mai pNPP: me yake iyawa a kan hantar da matsarmama ta taurara?

Duk mai binciken taurin hanta da toshewar hanyar matsarmama ke jawowa, ko ba jima ko ba daɗe zai buƙaci auna asid fosfatas. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi kuwa shi ne ƙunshin gwaji mai aiki da pNPP, wato para-naitirofenil fosfat, sinadarin da wannan inzayim ke fasawa, wanda ake karanta launinsa a faranti mai ramuka 96. Kamfanoni da dama suna sayar da shi, har da Sigma-Aldrich da Abcam, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa muka duba su a matsayin kaya iri guda. Ra'ayinmu tun daga farko: ga markaɗen hanta ƙunshin ya cancanci saye, muddin za a haɗa masa abubuwa uku ko huɗu da ba sa zuwa a cikin kwalin. Ga ruwan jinin mai shawara kuwa ba mu ba da shawarar a dogara da shi ba, kuma za mu faɗi dalili.

A cikin kwalin za a tarar da ƙwayoyin pNPP, da bafa mai tsami, wato ruwan da ke riƙe tsami (pH) a wuri guda, yawanci ta sitiret, wadda pH ɗinta ke wajen 4.8 zuwa 5.0, da ruwan ma'auni na naitirofinol, da ɗan inzayim na tabbatar da cewa kayan suna aiki. Wasu suna haɗowa da ruwan tsayar da aiki, wasu kuma kai za ka haɗa ruwan alkali na NaOH naka, giram 20 a lita ɗaya, wato 0.5 N. Aikin ba wuya. A zuba maikurolita 50 na samfuri, a ƙara 50 na ruwan pNPP, a bar shi minti 10 a zafin digiri 37, a tsayar da maikurolita 200 na NaOH, a karanta a nanomita 405. Inzayim ɗin yana cire fosfat daga jikin pNPP, abin da ya rage shi ne naitirofinol, wanda ba shi da launi a cikin tsami amma yana komawa ruwan ɗorawa da zarar an shigar da shi cikin alkali. Saboda haka ba a iya bin aikin yana tafiya, sai an tsayar sannan a gani. A cikin sa'a guda an gama faranti, kuma layin ma'auni yana fitowa a miƙe daga sifili zuwa wajen nanomol 20 a kowane rami. A wannan fannin ba mu ga abin kushewa ba.

Matsalar tana ga tambayar da mai bincike ke yi. Wanda ya auna asid fosfatas a hanta ba don son inzayim ɗin yake yi ba, laisosom yake nema, wato 'yan jakunkunan da ke cikin ƙwayar halitta masu narkar da tarkace. Tarihin abin ma daga nan ya faro. A 1949, a Louvain ta ƙasar Beljiyam, Christian de Duve da abokan aikinsa suka ga aikin asid fosfatas a sabon markaɗen hantar ɓera bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke tsammani ba. Bayan samfuran sun kwana biyar a firiji sai aikin ya tashi. Ashe inzayim ɗin a rufe yake cikin jaka, sai jakar ta fashe yake haɗuwa da abincinsa. A 1955 suka raɗa wa jakar suna laisosom, kuma de Duve ya sami kyautar Nobel a 1974. Abin lura shi ne da bita-gilisarofosfat suka yi aikin, sinadarin da inzayim na laisosom ya fi kowa ci. Shi kuwa pNPP kowa na cinsa.

A hanta kaɗai akwai aƙalla iri uku da za su fasa pNPP a pH 4.8. Akwai na laisosom, wanda ƙwayar gado ACP2 ke samarwa. Akwai ƙarami na cikin ruwan ƙwayar halitta, ACP1, wanda kuma ya cika jajayen ƙwayoyin jini. Akwai ACP5, wanda aka fi sani da TRAP, na makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye tarkace, da ƙwayoyin da ke cin ƙashi. Ga kuma wasu fosfatas da ke manne da sassan ciki na ƙwayar hanta suna ba da nasu gudummawar. Ƙunshin zai tara maka su duka a lamba ɗaya, takardar da ke ciki kuma ta kira lambar "aikin asid fosfatas". Ba ƙarya ta yi ba, amma wanda ya ɗauki lambar ya rubuta "aikin laisosom" ya wuce abin da ya auna.

Abu na farko da za a saya a gefe ke nan: tatiret, kuma sai nau'in L(+), domin shi ne mai hana inzayim ɗin aiki. Kowane samfuri a zuba shi a ramuka biyu, ɗaya da tatiret wajen milimola 20, ɗaya babu. Tatiret yana danne na laisosom, ya bar ACP1 da TRAP suna aikinsu. Bambancin da ke tsakanin ramukan biyu shi ne mafi kusa da abin da ake nema. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a narka tatiret a zuba kai tsaye ba a sake duba pH ba. In asid ɗinsa aka yi amfani da shi zai ƙara tsami, in gishirinsa ne zai iya rage shi, sai a ga aiki ya sauka a ɗauka tatiret ne ya hana, alhali pH ne ya goce. A daidaita ruwan tatiret zuwa pH ɗin bafa kafin ya shiga rami.

Yanzu ga abin da ya sa hantar da matsarmama ta taurara ta bambanta da kowace hanta da aka gwada ƙunshin a kanta kafin a sa shi kasuwa. Launin da ake karantawa ruwan ɗorawa ne, samfurin ma ruwan ɗorawa ne. Bilirubin, launin da ke cikin matsarmama, ya fi shan haske a wajen nanomita 450 zuwa 460, amma gefensa yana kaiwa 405 sosai. Himogulobin kuma ƙololuwar shan haskensa tana wajen 415, dab da inda ake karatu. To a ɗauki ɓerayen da aka ɗaure wa bututun matsarmama da waɗanda aka buɗe aka rufe ba a ɗaure ba. Na farkon hantarsu cike take da bilirubin, na biyun babu. In ramin sifili, wato ramin da ake cire karatunsa daga na sauran, ɗaya aka yi wa faranti duka, mai bafa da pNPP kawai, kamar yadda wasu takardun ƙunshin ke nunawa, rukunin masu ciwo zai fito da lamba mafi girma ko da inzayim ɗinsa bai ƙaru da komai ba. Kuskuren kuma yana tafiya daidai inda mai bincike ke fatan sakamako ya tafi, shi ya sa yake da wuyar kamawa.

Maganinsa shi ne kowane samfuri ya sami nasa ramin sifili: a fara zuba NaOH da pNPP, sannan samfurin ya biyo baya, ta yadda inzayim bai sami damar aiki ba amma launin samfurin yana nan. A cire wannan daga karatun ramin gwaji. Wannan yana ninka yawan ramukan da ake ci. In an haɗa da tatiret, kuma kowane an maimaita shi sau biyu, samfuri ɗaya zai cinye ramuka shida zuwa takwas. Saboda haka adadin gwajin da aka rubuta a bayan kwali a raba shi gida shida ko takwas kafin a san kwali nawa za a yi oda. Bilirubin kuma ba ya zama lafiya a cikin alkali mai ƙarfi da haske, launinsa yana sauyawa da lokaci, don haka ramin sifili da ramin gwaji su daɗe cikin NaOH daidai da juna, a rufe farantin daga haske, a karanta cikin minti 15 zuwa 30.

Akwai wani tarkon da ya keɓanta da wannan ciwo. Toshewar matsarmama tana ɗaga alkalin fosfatas ninki da yawa, a hanta da a jini, shi ma kuma pNPP abincinsa ne, kuma ya fi ƙarfi a wajen pH 10. Da NaOH na 0.5 N ba damuwa, domin pH yana haura 13, inzayim ya mutu nan take. Amma wanda ya ƙare da ruwan tsayarwa ya maye gurbinsa da bafa ta kabonet ko gilaisin mai pH 10, ko ya yi amfani da tsohon NaOH da ya sha iska ya yi rauni, ya kashe inzayim ɗaya ne ya buɗe wa ɗayan ƙofa. Alamar ita ce launi ya ci gaba da ƙaruwa bayan an tsayar, kuma ya fi ƙaruwa a ramukan masu ciwo. A karanta farantin sau biyu, minti 10 tsakani. In lambobi suna hawa, a zubar da sakamakon a haɗa sabon NaOH. Milimola ɗaya na EDTA, sinadarin da ke kama zink da maganiziyam, a cikin ruwan markaɗe yana taimakawa, domin alkalin fosfatas ba ya aiki sai da zink da maganiziyam.

Kafin a kai ga faranti ma, yawancin ɓarnar an riga an yi ta a wajen shirya hantar, kuma takardar ƙunshin kusan ba ta cewa komai a kan wannan. Hanyar da aka fi bi wajen samar da ciwon a ɓera ita ce ɗaure babban bututun matsarmama a wuri biyu a yanke tsakani, domin in ɗauri ɗaya aka yi bututun yakan sake buɗewa. Kountouras, Billing da Scheuer sun nuna a 1984 cewa in toshewar ta daɗe hantar tana kaiwa ga tauri, kuma an saba ɗaukar mako huɗu a matsayin lokacin da ake girbe ta. Ana ba dabbobin bitamin K a tsawon lokacin, domin rashin matsarmama a hanji yana hana shan sa, jini ya ƙi daskarewa. A ranar girbi a wanke hantar ta babbar jijiyar da ke shigo mata da jini daga hanji, da ruwan gishiri mai sanyi na kashi 0.9 cikin ɗari, har ta yi fari-fari. Kada a yi wankin da PBS, wato ruwan gishiri mai fosfat. Fosfat shi ne abin da inzayim ɗin ke samarwa, kuma yana hana shi aiki, ɗan abin da ya rage a nama ya isa ya rage lamba. Hanta mai tauri ba ta wankuwa bai ɗaya, wani ɓangare ya yi fari wani ya rage ja, don haka a riƙa yanka daga reshe ɗaya a kowace dabba, a kuma guji wuraren da jini ya maƙale, tunda jajayen ƙwayoyin jini suna kawo launi da ACP1 a lokaci guda.

Giram ɗaya na hanta a mililita 9 na sukuros 0.25 M, wato giram 85.6 a lita, da EDTA milimola ɗaya, da ɗan HEPES ko Tris a pH 7.4, komai a kan ƙanƙara. A yayyanka da almakashi, a markaɗa da bututun Potter-Elvehjem. A juya a injin juyawa a 1,000 g (g a nan ƙarfin juyi ne, ba giram ba) na minti 10 don zubar da tarkace da cibiyoyin ƙwayoyi, sannan ruwan saman a juya shi a wajen 20,000 g na minti 20. Abin da ya kwanta yana ɗauke da mafi yawan laisosom, abin da ya rage a sama kuma shi ne inzayim ɗin da ya kuɓuce. Mai injin da ke kaiwa 100,000 g ya ƙara juyi na sa'a guda, ruwan saman zai fi tsabta. Don samun jimillar aiki a ɗauki wani kaso na markaɗen a sa masa sabulun Triton X-100 kashi 0.1 cikin ɗari, ya fasa duk jakunkunan. Triton shi ne abu na biyu da za a saya a gefe.

A nan muke son a dakata, domin nan ne bincike da yawa ke zamewa. Abin da ake nema shi ne rabon inzayim ɗin da ya kuɓuce a kan jimilla, a matsayin shaidar cewa gishirin matsarmama ya raunana bangon laisosom. Tunanin yana da tushe: nau'o'in gishirin matsarmama da ba sa son ruwa suna lalata bangon ƙwayoyi, kuma an nuna suna sa inzayim ɗin katefsin B fita daga laisosom a ƙwayoyin hanta. Amma hanta mai lafiya laushi gare ta, bugu uku zuwa biyar na Potter ya markaɗe ta. Hanta ta mako huɗu cike take da zaren kolajin, ba ta markaɗuwa sai an ƙara ƙarfi da bugu. Kowane ƙarin bugu yana fasa laisosom. Sai mai bincike ya sami kuɓutaccen inzayim mai yawa a rukunin ciwo, ya rubuta cewa ciwon ya raunana laisosom, alhali hannunsa ne ya fasa su. Ƙunshin ba zai iya gaya masa wannan ba.

Ana rage wannan ta hanyar fara matse hantar ta rariyar ƙarfe mai ƙananan ramuka, wadda ke tare zaren ta bar ƙwayoyin su wuce, sannan a yi wa kowane samfuri bugu daidai, a gudu ɗaya, da bututu ɗaya. A kuma auna wani inzayim da ke rufe a wata jaka dabam, misali gulutamet dihaidurojinas na maitokondiriya, a cikin ruwan saman. In shi ma ya kuɓuce daidai gwargwado, da alama ƙarfin markaɗe ne ko kuma lalacewar ƙwayar gaba ɗaya, ba wani abu da ya shafi laisosom kaɗai ba. Sannan gishirin matsarmama da ke cikin naman ba ya daina aiki don an markaɗa shi, zai iya fasa laisosom a cikin bututu bayan dabbar ta mutu. Gwajin da ke warware wannan mai sauƙi ne: a ɗauki laisosom na hanta mai lafiya, a jiƙa su a ruwan saman hanta mai ciwo na tsawon lokacin da aikin ke ɗauka, a ga nawa suka fashe. Wanda ya yi wannan gwajin sakamakonsa ya fi na wanda ya tara dabbobi ninki biyu bai yi ba.

Duk wannan sai da sabuwar hanta, a ranar. Naman da ya shiga firiza ya narke, laisosom ɗinsa sun riga sun fashe, jimillar aiki kaɗai za a iya aunawa a kansa. Kuma kada a yi ƙoƙarin auna ɓoyayyen aiki ta hanyar zuba markaɗe kai tsaye cikin bafar ƙunshin, domin babu sukuros a cikinta, jakunkunan za su kumbura su fashe a cikin ramin kafin minti 10 su cika. Rabuwa da injin juyawa ta fi aminci.

Lissafin ba shi da wahala, amma a yi shi daga layin ma'auni na farantin, kada a ɗauko adadin shan hasken naitirofinol na wajen 18,000 a yi amfani da shi kai tsaye, domin wannan na zurfin santimita ɗaya ne, ruwan maikurolita 300 a rami kuwa bai kai haka ba. A matsayin misali kawai: a ce markaɗen kashi 10 cikin ɗari an tsinka shi sau 50, rami ya ba da nanomol 9 a minti 10 bayan an cire sifili. Nanomol 0.9 ke nan a minti daga mililita 0.05, wato 18 a kowace mililita, sau 50 ya zama 900. Tunda kowace mililita tana ɗauke da miligiram 100 na nama, an sami maikuromol 9 a minti a kowane giram, wato yunit 9. A tabbatar aikin yana tafiya a miƙe ta hanyar tsayar da wasu ramuka a minti 5, 10 da 20, kuma kada abin da aka cinye na pNPP ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

A kan me za a raba lambar? Wannan tambayar ta fi ƙarfin ƙunshin, amma ita ce ke juya ma'anar sakamako. Giram ɗaya na hanta mai tauri ba ya ɗauke da abin da giram ɗaya na mai lafiya ke ɗauke da shi. Ƙwayoyin hanta sun ragu, ƙananan bututun matsarmama sun yaɗu, kolajin ya cika wuri, makrofaj sun taru, hantar ɓeran kuma gaba ɗayanta ta ƙara nauyi. Makrofaj, har da na hanta da ake kira ƙwayoyin Kupffer, suna da asid fosfatas mai yawa. Saboda haka aiki zai iya tashi a kowane miligiram na furotin ba tare da wani abu ya sauya a laisosom na ƙwayar hanta ba, baƙi ne suka yawaita a gidan. Muna ba da shawarar a kawo lambar ta hanya uku, a kan giram na nama, a kan miligiram na furotin, da a kan hanta duka, a kuma sa haidiroksifurolin a gefe don a san yawan kolajin. Wajen auna furotin a zaɓi hanyar BCA, domin Triton yana dagula ta Lowry.

Na uku da za a haɗa shi ne inzayim na biyu na laisosom, bita-hekzosaminidas ko bita-gulukuronidas. Ana auna su a faranti iri ɗaya da na'ura ɗaya. In asid fosfatas mai jin tatiret ya tashi su ma suka tashi, magana ta yi ƙarfi. In shi kaɗai ya tashi, a koma a duba.

Game da jini kuwa, ga dalilin da ya sa muka ce a yi hattara. Asid fosfatas na ruwan jini kaɗan ne, don haka ba a iya tsinka samfurin sosai kamar markaɗe, bilirubin kuwa yana nan da ƙarfinsa, har karatun ramin sifili yakan fi bambancin da ake nema girma. Cire babbar lamba daga babbar lamba don samun ƙarama hanya ce da kuskure ke yawa a cikinta. Inzayim ɗin kuma ba ya jure zama. Da zarar an raba ruwan jini, iskar kabon tana fita, pH ya haura, aikin ya riƙa zubewa a zafin ɗaki cikin sa'o'i kaɗan, sai an sa masa sitiret ko asitet nan take a saukar da pH ƙasa da 6.5 a sanyaya. Bututun ɗibar jini mai fuloraid ko okzalet yana hana aikin. Filatilet, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, suna sakin nasu yayin daskarewa, ɗan fashewar jajayen ƙwayoyi kuma ya ɓata samfurin gaba ɗaya.

Ko an kiyaye duk wannan, daga ina inzayim ɗin ya fito? A namiji baligi akwai na furosta, wanda tatiret ke dannewa kamar yadda yake danne na laisosom, ba a iya raba su da wannan hanyar. A ciwon PBC, wanda tun 2015 aka sauya masa suna daga taurin hanta zuwa kumburin bututun matsarmama saboda yawancin masu shi ba su kai ga tauri ba lokacin da ake gano su, kusan tara cikin goma mata ne, da yawansu kuma sun manyanta, ga zaizayar ƙashi da ke yawan rakiyar ciwon. Ƙwayoyin da ke cin ƙashi suna zuba TRAP 5b a jini, sai a ɗauka hanta ce ke magana alhali ƙashi ne. A jarirai masu toshewar bututun tun haihuwa ma haka, ƙashin da ke girma yana ɗaga lambar. Ba a gano PBC ko bin sawunsa da asid fosfatas. Alkalin fosfatas, da bilirubin, da garkuwar AMA da ake samu a wajen kashi 95 cikin ɗari na masu ciwon, su ne ma'aunin asibiti. Sunayen asid fosfatas da alkalin fosfatas suna kama da juna har ana rikita su a rubutu, a duba kwali da kyau kafin a yi oda.

Sauya sinadari ba ya kawar da matsalar bilirubin baki ɗaya. Hanyar Hillmann ta 1971, mai alfa-naftil fosfat da Fast Red TR, tana ba da damar bin aiki yana tafiya, amma bilirubin yana haɗuwa da irin wannan rinin. Taimolftalin monofosfat ana karanta shi a wajen nanomita 590, nesa da ruwan ɗorawa, sai dai ya fi karkata ga inzayim na furosta. Bita-gilisarofosfat tare da auna fosfat ta hanyar Fiske da Subbarow ta 1925 ya fi cin lokaci, yana buƙatar a kwantar da furotin da asid a juya, amma shi ne ya fi kusa da laisosom, kuma ko a samfura goma aka yi shi don a gwada da sakamakon pNPP ya biya wahalarsa.

Abin da lamba daga faranti ba za ta taɓa nunawa ba shi ne wurin da inzayim ɗin yake. Don haka a ajiye ɗan yanki a daskarar don rini, ko ta hanyar dalma ta Gomori ko ta Barka da Anderson ta 1962. A hanta mai lafiya ɗigon rinin yana jeruwa a gefen ƙananan magudanan matsarmama da ke tsakanin ƙwayoyin hanta. In aka ga rinin ya koma cikin manyan ƙwayoyi da ke zaune a hanyoyin jini da cikin zaren tabo, an san ƙarin aikin na makrofaj ne, kuma rinin CD68, mai nuna makrofaj, a yanki na kusa zai tabbatar. A hantar ɗan Adam a ƙara rinin rodanin, domin toshewar da ta daɗe tana tara jan ƙarfe a laisosom na ƙwayoyin da ke bakin tabo, har yakan wuce maikurogiram 250 a giram na busasshen nama, alhali na mai lafiya bai kai 50 ba.

Kayan kwalin suna da ƙarko in an kula. Ƙwayoyin pNPP a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili, nesa da haske da laima, a bar kwalbar ta koma zafin ɗaki kafin a buɗe don kada raɓa ta sauka a ciki. A narka abin da za a yi amfani da shi a ranar kawai. In ramin da ba samfuri ya ba da karatu sama da 0.2, sinadarin ya fara lalacewa. A ɗumama faranti da ruwan pNPP zuwa digiri 37 kafin a haɗa, domin a gwajin minti 10 faranti mai sanyi yana cinye rabin lokacin yana ɗumi, ramukan gefe kuma su riga na tsakiya. Triton yana kumfa, kumfa kuma tana ɗaga karatu, a fasa ta da bakin allura. In rami ya yi gurɓi bayan NaOH, a ƙara karatu a nanomita 630 a cire.

Ga mai aiki da ɗan naman da allura ke cirowa daga hantar majiyyaci, wanda yawanci bai wuce miligiram 10 zuwa 20 ba, ƙunshin zai ba da jimillar aiki da rabon tatiret, amma naman ba zai isa a raba shi da injin juyawa ba. A wannan halin metilumbeliferil fosfat, da ake haskawa a nanomita 360 a karanta ƙyallinsa a 450, ya fi dacewa, domin ƙarfin ganinsa yana ba da damar tsinka samfurin har launin bilirubin ya kusa ɓacewa. Tunda bilirubin yana shan haske a daidai 450 ɗin, a zuba sanannen adadin ma'auni a cikin kowane samfurin da aka tsinka, a ga nawa ya dawo, a gyara lissafi da shi.